Ranar da Gatan Mata Ya Matse Hanci

A cikinmu masu rubuta wasan kwaikwayon rediyo, mu da muke kashe mutum da bugun faranti mu tashe shi mako mai zuwa, babu kamar Gatan Mata. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya duba gabas da yamma bai ga wanda ya isa ya raɗa masa ba. Jan biro gare shi a aljihun gaba, kaifi kamar wuƙar mahauci, kuma duk kalmar da ta taka mace ba ta kwana a takardarsa.

"Namijin ƙoƙari" ya soke, ya sa "babban ƙoƙari". "Kuka kamar mace" ya soke. "Zancen mata ne" kuwa ya soke har biro ya huda takarda. Gaskiya dai gyaran ya yi daidai. Mu da muka yi shekaru muna ɗura wa yara waɗannan maganganu ta kunne sai muka sunkuyar da kai. Shi kuma ya ɗaga nasa har ya kusa taɓa fanka.

"Harshe shi ne tushen zalunci," in ji shi a ɗakin gwaji, hannu a ƙirji. "A wasana babu namiji, babu mace, mutum ne kawai. Anti, a ɗan duba mana ruwan shayin nan."

Anti ita ce mace tilo a cikin 'yan wasan. Tun kafin ya fara furfura take fitowa a matsayin uwa mai kuka, suruka mai mita, maƙwabciya mai gulma. Bana ya rubuta wasa a kan wata shari'a, ta kuwa faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: ko a ba ta kujerar shari'ar, ko ta koma wata tashar rediyo da ta daɗe tana nemanta.

"Malam, kai da hannunka ka soke 'alƙali' ka sa 'mai shari'a', wai don kowa ya iya hawa."

"Ƙwarai. Amma kowa mai kaurin murya. Ke ga matar mai shari'a nan na rubuta miki, mace mai zurfin ciki."

"Na karanta. 'To, maigida' ne daga farko har ƙarshe."

"Ba a auna fasaha da mudu, Anti."

"Ka wanke takarda, Malam, ka bar kunne da datti."

"Kin gani ko? Matsalarku ke nan, ku m..." Ya haɗiye sauran, ya yi tari. "Ku mutane."

Anti ta ajiye butar shayin a kan rubutunsa, ta rataya jakarta, ta yi masa sai an jima mai kyau.

Bai damu ba. Ya tabbata fushi ne na kwana ɗaya. Ranar ɗaukar murya ta zo, jar fitila ta kama, kujerar Anti ba kowa. Mai haɗa sauti ya leƙo ta gilashi yana tambaya da ido.

"Muryar mace ce fa kawai, wa ba zai iya ba?" in ji Gatan Mata. Aka yi ta kallon ƙasa.

Ya tuɓe hula, ya matso makirfo, ya matse hanci da yatsu biyu. "To, maigida." Aka ce a sake, bai yi ladabi ba. Ya sake. Aka ce ya ƙara rusunar da muryar. Ya rusunar. Ya buɗa shafi yana neman inda matar za ta faɗi wani abu na kanta, ko don ya saki hancin ya sha iska, bai samu ba. Wanda ya shimfiɗa tabarmar ƙaya, shi ya zauna a kai.

Da aka sa wasan, yana gida, ya ƙure rediyon. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, tana gefe tana gugar rigar aikinta ta gobe. Ya bari aka gama kiɗan rufewa, ya gyara zama.

"Yaya kika ji matar mai shari'a?"

"Kai ne ai. Na gane tarin."

"Amma dai ta fito, ko?"

Ta juya rigar, ta ɗora dutsen guga a kan wuyan rigar.

"Ta fito sosai. Ina taya ka murna, Malam. Ka daɗe kana neman matar da za ta yarda da duk abin da ka faɗa, ashe tana cikin hancinka."