Sallau da Ramin Funtuwa

Wani mutum ne a Gusau, Sallau, mai kula da rumbun bayanan wata ƙungiyar manoma. Wajen cika baki ba a kai shi. In ya fara, sai ka rantse shi ya yi wa kwamfuta huɗuba ranar da aka haife ta.

Sunayen manoma dubu tara na cikin wata na'ura da ake kira saba, a reshen ƙungiyar na Funtuwa. Sallau ya buɗe wata ƙofa a kwamfutarsa mai zarcewa can ta intanet. Rami yake ce mata.

"Ina zaune nan, hannuna na Funtuwa," in ji shi. "Gafiya ma a wurina take ɗaukar darasi."

Da aka tashi naɗa shugaban sashen kwamfuta, ya ce muƙamin nasa ne, har ya ɗinka shaddar shan murna. Ranar gwaji ya haɗa kwamfutarsa da majigi a gaban 'yan kwamiti. Abokiyar takararsa, Malama Tasalla, tana gefe tana kallo.

Ƙwas-ƙwas-ƙwas! Sunaye suka cika bango.

"Kun gani? Funtuwa ke nan, kai tsaye!"

Shugaban ƙungiya, Alhaji Nomau, ya gyara tabarau. "Ikon Allah! To nemo mini Ɗanjuma Tsafe, makon jiya aka yi masa rajista."

Ƙwas-ƙwas. Babu Ɗanjuma, babu dalilinsa.

"Ramin da tsawo, ranka ya daɗe. Yana hanya."

Abin da gogan naka bai sani ba, ramin ya daɗe da toshewa. Duk sanda manhajarsa ta ƙwanƙwasa ƙofar, wani tsohon kwafin gwaji da ke cikin kwamfutarsa ne ke amsawa. Kwana goma sha biyu yana gyara sunaye, ashe da kansa yake hira. Ni har tausayi ya ba ni. Amma maimakon ya ja birki, sai ya ƙara wuta.

"Yanzu haka sabar ta ɗan ɗauki zafi, daga nan na rage mata aiki."

Tasalla ta yi gyaran murya. "Injiniya, wace sabar?"

"Ta Funtuwa mana! Wannan ba fagenki ba ne."

"Ai tun da tsawa ta ƙona wayoyin reshen aka kawo ta nan gyara. Sau uku ina zuwa in gaya maka, ka ce kana cikin rami, kada a dame ka."

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

"To yanzu tana ina?" in ji Alhaji Nomau.

Tasalla ta nuna da baki. Ashe da kujeru suka ƙare, wani baƙin akwatin ƙarfe Sallau ya jawo daga lungu ya ɗare a kai.

Alhaji ya miƙa wa Tasalla makullin sashen, sannan ya juyo.

"Malam Sallau, don Allah tashi. Ka danne mana manoma dubu tara!"