Ranar da na ci tseren jirgi a tabkin Tabalak

Kawuna Yarima, ɗan gidan sarauta, ya yi ƙuruciyarsa a Abijan yana tseren jiragen da iska ke turawa. Da tabkin Tabalak ya cika, sai ya fiddo tsohon ƙyallen jirginsa daga adaka, ya ɗaura wa kwalekwale, ya ƙalubalanci masunta. Tsufa ya hana shi shiga, ni kuwa na bugi ƙirji.

Ya ce, "Ɗana, tsaya in nuna maka igiyoyin."

Na ce, "Haba Kawu, mai tuƙa babur a Tawa ake koya wa tuƙi?"

Wallahi na ci! Iska ta cika ƙyalle, na wuce masunta kamar an dasa su. Mata na guɗa, Kawu na jinjina da sanda, ni ina ɗaga hannu. Sai da na gota Kawu, can inda tseren ya ƙare, na tuna ban san igiyar tsayawa ba. Jirgi bai saurara ba sai cikin garken shanu masu shan ruwa, na sauka da ka cikin taɓo.

Har yau ko a kan babur na gifta, masunta sai su yi ihu: "Ku janye shanu, ga zakara nan!"