Direban da Aka Yaye da Turi

Jama'a masu karatu, ku yi mini afuwa idan rubutun yau ya zo muku a hargitse. Da safiyar nan na shigar da motar burodi cikin katangar gidan burodin, a gaban mai gidan, da ma'aikatansa, da kawuna wanda ya sha zirga-zirga kafin a yarda a gwada ni aikin direba. Babu wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, in ban da katangar da mutuncin Kawu. Ina so in bayyana yadda abin ya faru daki-daki, domin ni ba mai ganganci ba ne. Ko ɗakina na kulle, sai na dawo na sake jijjiga kwaɗon kafin hankalina ya kwanta.

Tun da na gama difloma nake goge takalmi ina fita neman aiki, in dawo in sake gogewa. Ana haka sai Mai Girma Uban Matasa, Allah ya ƙara masa rumfuna da kujeru, ya buɗe cibiyar koyar da tuƙi kyauta. Ranar buɗewa an jera mota da babur da tarakta da tifa, sababbi fil, aka yanka ƙyalle, muka yi tafi har tafin hannunmu ya yi ja. Sai da muka fara darasi muka ji cewa man da aka ware wa cibiyar ya ƙare a cikin ayarin motocin da suka kawo Mai Girma ya buɗe ta.

Da wani shugaban ne, da ya karaya. Amma Babban Daraktan cibiyar, ransa ya daɗe, ya tara mu ya ce mai ba shi ne ilimi ba. Ya fito da tsarin da ya cancanci lambar yabo: ɗalibi ɗaya ya zauna a sitiyari, sauran su tura. Babur da ƙafa muke jansa. Tarakta sai aji ya taru kaf. Tifa kuwa ta ƙi motsi, don haka aka koya mana hawanta da saukowa, kuma a nan ne na fi kowa maki.

Birki haramun ne. Ɗalibin farko da ya taka shi, masu turi suka haɗa fuska da gilashin baya, wani ya bar haƙorinsa a wurin. Darakta ya ƙara da cewa taka birki yana cinye kayan hukuma. Sai aka kafa doka: duk mai son tsayawa ya fito da hannu ta taga ya ce, "Ya isa!" Masu turi su saki, mota ta tsaya cikin ladabi.

Na taɓa ɗaga hannu na ce, "Malam, idan babu masu turi fa?"

Ya ce, "Kai ɗan difloma, ka cika tambaya. Tun da kake ka taɓa ganin mota ta rasa masu turi?"

Maƙwabcina mai faci ma bai bar ni na huta ba. Kullum na dawo jiƙe da gumi sai ya ɗago kai daga tayar da yake dubawa ya ce, "Injiniya, yau kai ne direban ko kai ne injin?" In ce masa tsari ne na zamani. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Ranar da za ka fito titi dai ka aiko a gaya mini in kwashe yarana."

To, yau mai gidan burodi ya miƙo mini makulli ya ce, "Samari, zagaya harabar nan ka dawo ka tsaya gabana." Na yi addu'a, na murɗa. Ban taɓa jin mota tana karkarwa a ƙarƙashina ba sai yau. Na sa giya, ta yi tsalle, ta miƙe. Gaskiya a sitiyari ban ba cibiyarmu kunya ba, na kauce wa buhunan fulawa, na kauce wa janareta. Da na hango katanga, sai na fito da hannuna ta taga yadda aka horar da ni, na ce, "Ya isa!"

Ba ta tsaya ba. Na ƙara murya, cikin girmamawa: "Don Allah ya isa haka!" Na duba madubi in ga wane mai taurin kai ne bai saki ba. Babu kowa sai Kawu, yana gudu da hula a hannu yana ihu, "Birki, ɗan nan! Birki!"

Bayan an fito da ni, mai gidan ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, ɗanka ne?"

Kawu ya ce, "Ɗan ƙanwata ne," da muryar mai neman dangantakar ta ƙara nisa. Aikin ya tafi kenan, Kawu kuma ya ce in daina gaishe shi a bainar jama'a.

Ban je gida ba, na wuce cibiya in kai ƙorafi. Darakta ya saurare ni yana kaɗa ƙafa, ya ce, "Motar ta tashi?" Na ce ta tashi. "Ta yi tafiya?" Na ce har ta zarce. Ya miƙe ya ba ni hannu. "Ka ga nasara kenan! Tsayawa ai mataki na biyu ne, yana cikin kasafin baɗi." Nan take ya yi mini tayin zama malami a sabon sashen tuƙin kwalekwale. Har an kawo kwalekwalen, an ɗora shi a kan bencina a tsakiyar zauren taro.

Ban taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawuna ba, amma zan karɓa, domin zaman gida ya ishe ni. Shawarata dai ita ce, duk wanda zai haye kogi baɗi ya tambayi matuƙin wa ya koya masa. Idan ya ce wani natsattsen matashi ne mai difloma, ya yi haƙuri ya nemi gada.