Shuɗiyar Kwalbar da Na Tarbi Surukina da Ita

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya cinye min sauran tunani, da ranar da surukina ya zo duba ɗakina a Al Nahda. Ni ba mutumin fure ba ne, in gaya muku tun yanzu. Aikina ɗaga inji da ƙafar mota a wani sito a Ras Al Khor, makaranta kuwa tun a ƙaramar sakandare muka rabu ba sallama. Mutanen gida suna zaton zinariya muke sharewa a Dubai. Baƙin mai muke sharewa.

Matata ce ta ja min. Shekaru ina nan, tana Kano da yara, sai dai waya. Da ƙyar na fita daga ɗakin gwauraye na kama ɗan wuri nawa, na fara maganar biza. Sai mahaifinta, Alhaji, ya ce sam. Wai ya ji irin abin da maza ke yi a Dubai, 'yarsa ba za ta taka garin ba sai ya ga wurin da idonsa. (Ni da furfura a gemu, za a zo a dudduba ni kamar ragon layya.) Za su biyo ta nan daga Umara, shi da ɗansa Nazifi, ƙanin matata, ɗan kasuwa mai tumbi wanda tun da aka ɗaura aurenmu bai taɓa raga min da tsiya ba.

Maƙwabcina Bulus, mutumin Kafanchan mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya leƙo ya ga na share na goge, ya girgiza kai.

"Oga, wannan ai ɗakin jiran likita ne. Ka sa fure. Duk gidan Balaraben da na shiga, fure ne a tebur."

Lokacin ƙarshen sanyi ne, kafin zafin nan mai gasa mutum, kowane shataletale ya cika da furanni. Na sayo damin wasu ja da rawaya masu kama da kofin shayi. Saura abin sa su. Bulus ya ce kada in kuskura in sayi farar kwalbar da kowa ke saye, masu kuɗi yanzu a tsohon tulu suke sa fure, ko tsohuwar butar shayi, abin da baƙo zai gani ya tambaya. Na gwada fulas ɗin shayina, furannin suka nutse sai kawuna. Na gwada gwangwanin man gyaɗa, ya yi kama da na mabaraci. Na kalli butar alwala, na yi istigfari na ajiye ta.

Sai na tafi Abu Hail, wajen masu tsofaffin kayan gida. A can ƙasan tarkace na hango ta. Shuɗiyar kwalba ce, gindi mai faɗi, wuya siriri, an zagaye ta da zanen ruwan zinariya. Mai shagon ya ce na saman ya ɓata. Na ce kalas, shi ke nan, ni me zan yi da murfi? Da na wanke ta a gida na ji tana ƙamshin tuffa, har na ce a raina, ka ga kayan manya, kwalbarsu ma turare take.

Suka iso ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na durƙusa na gaida Alhaji, ya amsa yana kallon bango, yana kallon ƙasan gado, har firji ya sa aka buɗe masa. Bai sami komai ba sai madara da yaji. Ya zauna, idonsa ya sauka kan tebur.

"Har da fure?"

"E, Baba. Saboda iyali."

Da na tsaya a nan da lafiya lau. Amma bakina ya ga hanya. Na ce ai furen ba komai ba ne, kwalbar ce abin kallo, tsohon kayan Turkiyya ce, irin wadda ake gada, ba a kowane gida ake ganinta ba. (Ban san inda na samo Turkiyya ba. Har yau ban sani ba.) Alhaji ya gyaɗa kai. Nazifi kuwa ya kafe ta da ido, kumatunsa suna rawa, sai ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Yaya, Allah ya shirye ka! Gindin shisha ne fa!"

Shisha ina ganinta daga nesa a bakin shaguna, doguwa da tiyo, ban taɓa tunanin ana raba ta biyu ba. Ga shi na kawo ta tsakiyar ɗaki, na yi mata kwalliya, na ajiye a gaban mutumin da ya tsallako teku don ya kama ni da irin wannan. Alhaji ya cire tabarau. Na ga biza ta tashi, na ga ni da ɗakin nan mu biyu har mutuwa.

"Baba, wallahi ban sani ba," na ce, murya kamar ta ɗan akuya.

Nazifi daɗi ya ɗebe shi. Ya zare furannina ya ajiye a kujera suna ɗiga, ya ɗaga kwalbar.

"Ka ga nan ruwa ke tsayawa, kada ya wuce wannan zanen. Nan ake dasa ƙarfen, tiyo ta gefe, garwashi a can sama." Ya kai hanci. "Mai tuffa ma aka sha a ciki. Ita ta fi kama maƙogwaro."

Alhaji ya mayar da tabaraunsa a hankali, ya juya, ba wajena ba.

"Ta fi kama maƙogwaro. To. Nazifi, a wace makarantar aka koya maka?"

"Baba, a waya nake gani..."

"A waya ake jin maƙogwaro?"

Ban taɓa ganin tumbi ya sace a zaune ba sai ranar. Ni dai na sunkuyar da kai ina tsince furanni daga kujera, ina roƙon Allah kada dariya ta kuɓuce min. Alhaji ya juyo ya kalle ni, ya ce, "Kai kuma, mutumin da ya yi shekaru a garin nan bai san wannan abin ba har ya sa masa fure, ba lalacewa ke damunsa ba, wauta ce. Wauta kuwa 'yata ta saba da ita. Ka nemi bizar."

Zagi ne, na sani. Na karɓa hannu biyu, har da godiya.

Yanzu matata tana nan, yara suna nan, tebur ya cika da kofuna da littattafan makaranta, ko wurin fure babu. Abin da na koya kaɗan ne. In za ka sayi abin da ba ka san sunansa ba, ka tambaya me ake yi da shi kafin ka ba shi asali. In kuma har sai ka ji kunya a gaban suruki, to ka yi ƙoƙari ɗansa yana wurin.