Ta Ɗauka Sallau Ne a Waya

"...da gajiya, uwar masu hoto? Ko yau ba a amsa sallamar talaka?"

Sallau ne ya ɗaga labulen shagon, hula a karkace, yana warin tattasan da yake sayarwa a kasuwar Dole. Ramlatu kuwa waya na manne a kunnenta, ta zuba masa ido kamar ta ga wanda aka binne jiya.

Ramlatu mai ɗaukar hoton biki ce a unguwar Zango ta Zinder, kuma mata zalla take ɗauka. Gidajen da namiji ba ya shiga da kyamara ita ake kira. Kwamfutarta cike take da amaren Damagaram, kai babu ɗankwali, ana lalle ana rawa, kowace sai da Ramlatu ta rantse mata idon namiji ba zai gani ba. Sallau kuwa ɗan gwaggonta ne, taubashinta, kuma babu wanda ya kai shi iya shege ba a duk dangin. Watan jiya ya sa abokinsa ya kira ta wai ta ci firiji a gidan rediyo, ta ci ado ta hau kabu-kabu, ta dawo da kunya. Shi ya sa yau da wani ya kira yana Hausa yana Faransanci, wai daga kamfanin kwamfuta yake, wai ƙwayar cuta za ta cinye mata hotuna, sai ta yi murmushi. Ta ce a ranta Sallau ne ya toshe hanci. Ta bi shi don ta ga iya gudun ruwansa. Ya ce ta sauke wani abu a kwamfutar, ta sauke. Ya ce ta karanto masa lambar da ta fito, ta karanto tana danne dariya.

To ga Sallau a gabanta, kuma muryar tana nan a cikin wayar.

Ta rufe bakin wayar da tafin hannu. "Kai bawa, ina wayarka?"

"Bawa a gidan wa? Ga ta, ba ko kati. Za ki sa mini ne?"

"To wa ka sa ya kira ni?"

"Ni? Wanda ya rasa aikin yi ne zai kira ki."

"Sallau, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka faɗa wa abokinka na gane, ya isa haka."

"A'aha! Wato ramuwar firiji ce kika shirya mini? Ki sake dabara, 'yar kawu. Ni na yaye ki a wannan sana'a."

Daga wayar muryar ta ce, "Alo, Madam? Kar ki taɓa komai, teknisiyan yana aiki."

Ramlatu ta waiga. Hannunta ba ya kusa da kwamfutar, amma 'yar kibiyar nan tana tafiya da kanta. Ta gangara, ta tsaya, ta buɗe wurin ajiyar hotuna.

Sallau ya miƙo wuya. "Kai, wannan sihirin ya yi kyau! Wa ya koya miki?"

"Juya bayanka!" Ta fizge mayafinta ta kare fuskar kwamfutar. "Matan mutane ne a nan, ɗan banza!"

"Na juya, na juya. Dama me zan gani a hotonki? Kin ɗauki tsohuwata ta fito kamar an koro ta daga ƙauyen Gaffati."

"Ita ta haifo mai kai kamar tulu, ai dole ta firgita. Sallau, ka ce ya daina. Ya buɗe kamun Ummul Khairi. Ka san mijinta."

Duk unguwar Birni an san mijin Ummul Khairi. Sai da uwar amarya ta yi ta roƙo kafin ya yarda a yi hoton, kuma Ramlatu ta dafa Alƙur'ani a gabansa. In hoto ɗaya ya fita, auren yarinyar nan ne zai girgiza, kuma sunan Ramlatu za a kira.

Sallau yana fuskantar bango, har yanzu da sauran dariya a muryarsa. "Wanzami ba ya son jarfa, na sani. Amma ni ba za ki yi mini ba. Ki ce in yi kuka ne ki ɗauke ni hoto?"

"Wallahi ba wasa nake ba!"

"Ranar da kika zuba mini gishiri a shayi ma wallahi kika ce."

"Kai ma ranar firiji har tallahi ka ƙara!"

Abin haushin ke nan. Sun shekara da shekaru suna kashe rantsuwa a kan shirme, yau da ake neman ta ba ta da sauran daraja. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fashe da dariya, kibiya kuwa tana ta zaɓar hotuna.

Muryar ta sake cewa, "Madam, saura kaɗan. Wa ke magana a kusa da ke?"

Sallau ya ji wannan karon, don wayar ta zame daga kunnenta. Kafaɗunsa suka sauka.

"Ramlatu." Tun suna yara ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa babu wutsiya ba. "Me mutumin nan ya ce ki yi?"

"Ya ce in sauke wani abu, in ba shi lamba."

"Kin ba shi?"

"Na ɗauka kai ne."

"Inna lillahi! Ɓarawo ne. Haka suka yi wa Bakanon da ke kusa da rumfata, suka kulle masa komai suna neman fansa. Kamfani ba ya kiran mutum ya ce na'urarsa ba lafiya. Ina ya san ki? Kashe ta!"

Ta danna. "Ta ƙi! Ga wani koren layi yana tafiya."

"Kwasa yake yi. Cire wayar wuta."

"Batiri gare ta, sakarai!"

"To ta ina take shan rezo, intanet ɗin?"

"Ɗan akwatin nan. Yana... wayyo, ina na sa shi?"

"Ba ni wayar, ke nemo. Ba zan juyo ba."

Ta cusa masa wayar ta baya. Sallau ya gyara murya irin ta masu Faransanci yana kallon bango. "Alo, Mushe teknisiyan? Sannu da aiki. Ni ne maigidan Madam."

"Allah ya kiyaye!" in ji Ramlatu, tana watsar da tarkacen kan kanta.

"Mushe, tsaya tukuna, wannan ba ita ce mai ciwon ba. Akwai ordinatar, babbar kwamfuta, a ɗaki, ta Alhaji, nan ake ajiye harkar banki. Ita ma za ka duba mana?"

Sai muryar ta yi laushi. "Bon. Kawo ta, Alhaji."

"Ana ɗauko ta. Nauyi gare ta, sai mutum biyu. Ka san baiwar tawa ba ta da ƙarfi sai na cin tuwo."

Ramlatu ta ji kamar ta kwaɗa masa kujera, amma kibiyar ta tsaya cak, kwaɗayi ya riƙe ta. Koren layin ne bai tsaya ba. Ta ɗaga labulen bayan ɗaukar hoto, ta leƙa ƙarƙashin tebur, hawaye na hana ta gani. Can ta hango 'yar fitila tana ƙiftawa a bayan buhun kayan ado. Ta fizgo akwatin, ta danne maɓallinsa har farcenta ya karye. Fitilar ta mutu. Koren layin ya daskare.

"Alo? Alhaji, rezo ya yanke. Ku kunna!"

"Ai mun gode, Mushe. Mara lafiyar ta warke."

"Hotunan suna hannuna! In ba ku biya ba, gobe duk Zinder za ta gani!"

Sallau ya kashe wayar. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar babura a titi. Ramlatu ta zauna a ƙasa.

"Da gaske yake?" ta ce a hankali.

"Ban sani ba. Duba, ai yana nuna abin da ya fita. Ni dai ga ni da bango."

Ta rarrafa ta ɗaga mayafin. Jerin sunaye ne, kowanne da alamar jira a gefensa. Kamun Ummul Khairi, jira. Lallen Rahina, jira. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ɗaya tak aka rubuta ya tafi, na can sama.

Ta daɗe tana kallonsa. Sai wani sauti ya kufce mata, rabi kuka rabi dariya.

"Mene ne? Na wa ya tafi?"

"Naka."

"Nawa?"

"Hoton katin ɗan ƙasa da na yi maka bara. Wanda ka lumshe ido ɗaya."

Sallau ya dafe hula. "Shi ke nan, an kashe ni! Duk amaren Damagaram, sai ni aka sace?"

"Ka kwantar da hankalinka. In ya buɗe, shi zai biya mu mu karɓi abinmu."

"Ki yi dariya. Amma kar ki sake kunna akwatin nan sai an wanke na'urar, kuma matan mutane ki kwashe su a abin da ba ya shan rezo. Gobe mu je komisariya mu kai wa 'yan sanda lambar da ya kira da ita. Na juyo?"

Ta rufe kwamfutar. "Juyo."

Ya juyo ya ga fuskarta jiƙe sharkaf, bai tsokane ta a kai ba, kuma ta ji daɗin hakan. Ta jawo kwanon alkakin da aka aiko mata daga gidan biki, ta tura masa gaba ɗaya.

"Duka?" Ya dube ta da zargi. "Me kika zuba a ciki?"

"Ba komai. Ci, Sallau. Yau kai ne ubangida."

"Maimaita, kunnena ɗaya ba ya ji."

"Zuwa la'asar kawai," in ji ta, tana dariya tana share ido.