Yadda Za Ka Riƙe Ma'aikata Biyar Hukuma Ta Ga Huɗu

Ɗan'uwa mai ƙaramar sana'a, gyara zama. Shekara bakwai na yi ina riƙe da mutum biyar a shagon kujeruna, hukuma kuma ta rantse huɗu ne. Bi matakan nan bakwai yadda na jera su, na yi maka alkawari sana'arka ba za ta taɓa girman da zai jawo maka ciwon kai ba.

Mataki na 1: San lambar da ake gudu

A garinmu, mai ma'aikata huɗu bawan Allah ne mai neman na abinci. Mai biyar kuwa kamfani ne, a taya shi murna. Daga ranar sai rajista, harajin albashi duk wata, kason fansho, katin asibiti ga kowane ma'aikaci, banɗaki biyu, tukunyar kashe gobara, da akanta wanda zai ci albashin mutum guda don ya bayyana maka dalilin da ya sa ba ka da kuɗi.

Kada ka ce ban gwada ba. Na taɓa zuwa ofishin da niyya mai kyau. Taga ta uku ta tura ni ta bakwai, ta bakwai ta tafi cin abinci, da ta dawo ta miƙo mini fom mai shafi ashirin da biyu ta ce a cike da baƙin biro. Da shuɗi na cike. Na dawo shago na sa fom ɗin ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa, kuma gaskiya ya yi amfani.

Mataki na 2: Zaɓi wanda zai ɓace

Aiki na mutum biyar ne, takarda ta huɗu ce, don haka dole wani ya zama babu shi. Kada ka zaɓi mai baki. Kafintocina biyu sun san hanyar ofishin ƙwadago, mai fenti yana da suruki lauya, mai yankan soso kuma ko tari ya yi sai unguwa ta ji. Nemi mai haƙuri, mai kunya, wanda in ka cuce shi sai ya ce maka sannu da aiki.

Ni Allah ya ba ni Gwaggo. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, shekarunta ne suka jawo mata sunan. Ita ke kan keken ɗinki, ita ke ɗinka rigar kowace kujera da kowane kushin, kuma duk wanda ya yaba kayanmu hannunta ya yaba, ni dai na karɓi godiyar. Abu ɗaya take nema a wurina: in rubuta sunanta ta samu katin asibiti. Yanar ido ta fara rufe mata gani, likita ya ce a yi aiki tun da sauran gani, kuɗin aikin kuwa ba na mai keken ɗinki ba ne.

Mataki na 3: Kada ka taɓa cewa a'a

A'a kalmar marasa tarbiyya ce. In ta tayar da maganar, ka girgiza kai da alhini ka ce ai da ita kake tashi kullum. Ce mata a bari wata ya mutu. In ya mutu, a bari kasuwa ta buɗe. In ta buɗe, ka ce yanzu aiki ya yi yawa, wa ke da lokacin bin layi?

Ka kuma nuna kulawa, domin kulawa ba ta da haraji. Na matsar mata da keken kusa da taga. Na sauya ƙwan fitila na sa mai haske. Na sayo mata tabarau a bakin titi, mai sayarwar ya tabbatar mini da shi wani tsoho ya karanta jarida daga tsallaken hanya. Ta sa, ta yi godiya har da addu'a, ta ci gaba da kiran mai fenti ya zura mata zare a allura.

Mataki na 4: Guji arziki

Wata rana mai otal zai zo yana son kujera sittin. Ka ji tsoron Allah ka ce ba ka da lokaci. Kujera sittin na nufin ƙarin hannu, ƙarin hannu kuma na nufin taga ta bakwai. Masu neman aiki za su tsaya a ƙofa da takardunsu cikin leda, ga aiki jibge a bayanka har rufi. Dube su cikin ido ka ce babu gurbi. In an jima ka zauna da abokai ka yi tsaki kan yadda mutanen yanzu ba sa son aiki.

Mataki na 5: Yi atisaye

Jami'in bincike ba ya sallama kafin ya iso, saboda haka shirya tun yau. Wasu na ɓoye na biyar ɗinsu a banɗaki. Wannan aikin 'yan koyo ne, domin nan jami'i ke fara leƙawa ya ƙirga ko biyu ne. Ni a fili nake ajiye tawa: da an hango shi, Gwaggo ta zama mai sayen kujera.

Ga kayan aiki. Mayafi mai kyau da jakar hannu a rataye bayan ƙofa. Zanen tebur da za a lulluɓe keken da shi, a ɗora furen roba a kai. Mai shagon waya na tsallake shi ke ba da labari, mai yankan soso ya yi tarinsa, ita kuma ta kakkaɓe zare daga jikinta ta zauna a kujerar da ta fi tsada ta fara taya ta. Duk ranar Laraba muke gwadawa. Har muka kai ana gamawa kafin a ƙirga ashirin, kuma ban taɓa cire mata lokacin atisaye daga ladanta ba, don ni ba azzalumi ba ne.

Mataki na 6: Ranar da ya zo, dubi rufi

Namu ya zo wata Litinin da hantsi, siririn mutum mai ladabi, da jakar takardu a hammata. Ya ƙirga ma'aikata, huɗu. Ya tambayi mai yi mana ɗinki, na ce waje muke kaiwa. Ya daɗe yana kallon furen robar da ke zaune kan wani abu mai siffar keke.

Gwaggo kuwa ta yi wasanta har ta wuce yadda aka koya mata. Ta bi ɗinkin kujerar da yatsa tun daga sama har ƙasa, inda layin ya karkace ta tsaya. Ni ban ma lura ya karkace ba.

Ta ce, "Maigida, mai yi maka ɗinkin nan idonta ya fara tafiya. Ka taimaka mata."

Na yi dariya irin ta 'yan kasuwa na ce za a duba. Jami'in ya zaro wata takarda ya ce ƙa'ida ce, duk wanda aka samu a wurin aiki ba ma'aikaci ba sai ya sa hannu cewa ba ya aiki a nan, bai kuma taɓa yi ba. Ya rage murya ya ce, "Mama, ba dole ba ne. In akwai magana, ki faɗa mini."

Ta juyo ta dube ni. A nan ake gane gwani. Kada ka yi magana, kada ka ɗaga gira, nemi wani tabo a rufi ka zuba masa ido kamar yau ka fara ganinsa. Na ji ta tana tambayarsa ina layin yake, don ba ta gani sosai. Shi ya kama biron ya ɗora mata a wurin.

Mataki na 7: In tausayi ya kama ka, bari ya makara

Zai kama ka, ba na ɓoye maka. Ni ya kama ni bayan wata huɗu, daidai lokacin da aka fara dawo mana da kujeru saboda ɗinki. Na zaro fom daga ƙarƙashin tebur, na sayi baƙin biro, na bi layi. Taga ta bakwai ta buɗe fayil ta ciro takardar da Gwaggo ta sa wa hannu. Ta yi mini bayani cikin fara'a: in sabuwar ma'aikaciya ce, katinta ba ya ɗaukar aikin ido sai ta shekara. In kuma tsohuwa ce, to ni na ɓoye ta shekara bakwai, ita kuma ta yi wa hukuma ƙarya a rubuce, kowa da tararsa. Ta tambaye ni wanne zan zaɓa. Na ce bari in je in yi shawara.

Ban gama shawarar ba Gwaggo ta daina zuwa. Ranar da ta zo sallama, 'yarta ce ta riƙo hannunta ta tsallakar da ita titi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi, da na samu abin riƙewa. Ta laluba aljihun keken ta ciro almakashinta, ta miƙo shi wajen da take jin muryata.

"Ka ba wanda zai zo bayana," in ji ta. "Amma shi ka rubuta sunansa."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na tsaya ina kallo har suka sha kwana. Sai dai ka lura da sakamako, tunda shi ka zo nema: yau ma'aikatana huɗu ne cif, a takarda da a fili, duk jami'in da ya ga dama ya zo.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba lauya ba ne, ba akanta ba ne, ba likitan ido ba ne. Duk abin da ya biyo bayan bin shawarwarin nan, tara ce, kujerun da aka dawo da su ne, ko sauya hanya da za ka riƙa yi don kada ka bi ta ƙofar gidan wata, naka ne kai kaɗai, babu hannuna babu ƙafata. Ƙorafi a kai shi taga ta bakwai, da baƙin biro. Wanda kuma ya san wani tela mai hannu, mai haƙuri, mai lafiyar ido, wanda bai damu da a rubuta sunansa ba, ya turo mini shi ta ƙofar baya.