Sunan Da Na Laƙaba Wa Ɓarawon Kallona

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan yayan matata ba, kuma ba don naman da aka ci ba. A ranar ce na so ƙasar Goronyo ta tsage in shige ta rufe da ni. Har yau in na tuna sai zufa ta karyo mini, ko da ina ƙarƙashin fanka.

Ni malamin makaranta ne a Wurno. Ba na zaman majalisa, ba ni da ƙungiyar ƙwallon da nake mutuwa a kanta. Abu ɗaya ne nawa: in na taso daga makaranta na yi la'asar, in miƙe kan tabarma in buɗe waya in kalli fim. Don haka na yi rajista da ɗaya daga cikin manhajojin nan na kallo da ake biya duk wata. Tsarin masu ƙaramin ƙarfi na ɗauka, wanda na'ura biyu kawai za su iya kallo a lokaci ɗaya. Ni ɗaya, matata Luba ɗaya. Ranar da na sa mata a wayarta sai da na yi mata huɗuba (ta ce ko limamin Juma'a bai kai ni tsawaitawa ba) cewa lambar sirrin nan tamu ce mu biyu, kada ta ba kowa, ko da wanda suka fito ciki ɗaya.

Aka yi ta tafiya lafiya har wajen ƙarshen damina. Wata rana na dawo, ina tsakiyar wani dogon fim na masu binciken kisan kai, an kai daidai inda za a tona wanda ya yi aika-aikar. Na danna, sai manhaja ta ce na'urori sun yi yawa, in jira wani ya sauka. Na leƙa tsakar gida, ga Luba tana tsintar shinkafa tana kallon nata. To, ita ɗaya ke nan. Ina na biyun? Wato ni mai biya, ni ne na zama na uku.

Na fita na sake shiga, sai na ga abin da ban lura da shi ba. A shafin farko, inda ake tambayar wa ke kallo, da fuska biyu ce, tawa da ta Luba. Yanzu sun zama uku, an rubuta "Baƙo" a ƙasan ta ukun. Na buɗe in ga abin da baƙon nan yake kallo. Kada. Zaki. Kifayen teku. Wani tsuntsu mai dogon baki yana haɗiye kwaɗo. Wato an hana ni sanin wanda ya kashe mutum don wani ya ga yadda kada ke hamma.

Na fito ina huci na ce, "Luba, an shigo mana. Wani ɓarawo ya samu lambarmu."

Ta ce, "To, Allah shi kyauta," ta ci gaba da aikinta. (Da ina da hankali, da na lura tsakuwa take mayarwa cikin tire, tana watsa wa kaji shinkafar.)

Nan take na canza lambar sirri, na kori duk na'urorin da ke ciki, na karɓi wayar Luba na sa mata sabuwar ina faɗa mata ita da ƙarfi don kada ta manta. Na samu 'yan kwanaki na sakat. Sai ga baƙo ya dawo, ya ɗora kadansa daga inda ya tsaya, kamar wanda ya je alwala.

A nan na fara binciken da fim ya koya mini. Wa ke kusa da wayata? Wa ke son dabbobi? Amsa ta faɗo kan Malam Bello, abokin aikina da ke zuwa daga Rabah kullum a kan mashin. Teburinmu ɗaya a ofishin malamai, ya taɓa aron wayata, kuma ilmin halittu yake koyarwa. Ni a wurina an gama shari'a.

Na tare shi lokacin hutun tara na ce, "Malam Bello, tsakaninka da Allah, kai ne?"

"Ni na mi?"

"Mai kallon kada."

Ya dube ni kamar na sha wani abu. Da na yi masa bayani ya ce, "Ni da ko datar gaisuwa ba ta isata, ina ni ina kallon kada? In kada nika so in gani, ai gulbi bai yi nisa ba." Daga ranar ya daina raba goronsa da ni, ni kuwa na ɗauki fushin nasa a matsayin ƙarin shaida.

Tunda canza lamba bai yi ba, sai na koma yaƙin baki. Na gano ana iya canza sunan da ke ƙasan kowace fuska. Na goge "Baƙo" na rubuta "Barawo" (wayata ba ta rubuta harafi mai lanƙwasa, amma na san saƙo zai isa). Washegari na duba, an mayar da shi "Baƙo". Kai, wato har da ƙarfin hali. Na rubuta "Ka ji tsoron Allah". Aka goge. Na rubuta "Maci amana". Aka goge. Na wayi gari lokacin da nake ɓatawa wurin neman sabon zagi ya fi wanda nake kallon fim.

Luba ta ce mini, "Malam, ka bar abin ga hakanan. Ba ka san ko wa na ba."

Na ce, "Ko wane ne, ɓarawo ne."

"To ka ƙara tsarin mana, shi ɗauki mutane da yawa, kowa shi huta."

"In shimfiɗa wa ɓarawo tabarma ke nan?"

Ta koma kan aikinta, ni kuma na ɗauka hujjata ce ta yi ƙarfi.

Ana cikin haka aka yi wa yayanta haihuwa a Goronyo, ta riga ni tafiya don taya aiki. A nan ya kamata in gabatar da surukina, wanda sunansa ba zai fito bakina ba, Baba kawai nake cewa. Dattijo ne da ya yi aiki a madatsar ruwa har ya yi ritaya, ya koma noman albasa a fadama. Mutum ne da ba ya yini gida. Cikin damina mashin ya kayar da shi a hanyar Rimawa ya karye a ƙafa, tun daga nan yake kwance. Babban ɗansa da ke aiki a Sakkwato ya sa masa sola da ƙatuwar talabijin mai intanet don ta ɗebe masa kewa. Duk na san wannan. Na je dubiya, na ga talabijin ɗin da idona. Amma mai binciken kisan kai bai haɗa komai da komai ba.

Ranar suna, mu walimar rana muka nufa. Na roƙi Malam Bello ya raka ni, wai don mu shirya (gaskiyar magana, mashin ɗinsa ya fi nawa lafiya). Ina jiransa na ce bari in ɗan taɓa kallo. Na danna: na'urori sun yi yawa. Da hantsi fa. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, na shiga na rubuta mafi munin abin da ya zo mini: "Barawo ci-ma-zaune". Da Bello ya iso na miƙa masa wayar na ce, "Duba abin da na sa masa. In kai ne, ka gani da idonka."

Ya ce, "Ni dai Allah shi tona."

Muka isa Goronyo, gida cike. Aka ce mu shiga ɗakin Baba mu gaishe shi. Dattawa ne jere a kan darduma, ga akussa a tsakiya, Baba na jingine da bango ya miƙe ƙafar a kan matashi. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, kaina ƙasa. Bello ya gaisa ya samu wuri bakin ƙofa, aka tura masa kwano.

Bayan gaisuwa Baba ya ce, "Malam, madalla da kaz zo. Kai ad da ilmin kayan ga na zamani. Ɗiyata Luba ta sa min wani abu cikin akwatin ga, shi ka ɗebe min kewa tun da ƙafar ga tak kwantar da ni. Dabbobin Allah nika kallo, in ga ikonai. To amma akwai wani marar kunya ciki da ka zagina."

Kafin in ce uffan ya ɗauki rimot ya danna.

Jama'a, a waya rubutun nan ɗan mitsitsi ne. A talabijin ɗin Baba kowane harafi ya kai tafin hannu. Ga fuskata da sunana, ga ta Luba, ga ta uku. Wani abokin Baba da ya zo daga Taloka ya gyara tabarau, ya karanta wa ɗaki a hankali, gaɓa-gaɓa, don kada wani ya rasa: "Ba-ra-wo. Ci-ma-zaune."

Ɗaki ya ɗauki salati.

Baba ya ce, "Da farko Barawo yas sa. Nic ce ko Barau na, sunan wani. Sannan yac ce in ji tsoron Allah, nic ce wagga nasiha ta, na gode. Luba ta ce kuskuren kamfani na, tana gyarawa. Yau kuma ga abin da nit tashi da shi. Ka duba min ko wane ɗan marasa tarbiyya na."

Shaiɗan ya miƙo mini igiya, na kama. Na ce, "Baba, ai irin 'yan damfarar nan ne na intanet, su kan shiga su..."

Sai muryar Malam Bello daga bakin ƙofa, cike da farin ciki: "Alhamdu lillahi. Malam, ka ga Allah ya wanke ni. Ba shi na sunan da kan nuna min ɗazu ba, wanda kas sa ma ɓarawon naka..."

Ya tsaya. Ya dubi talabijin, ya dubi ƙafar Baba a kan matashi, ya dube ni. A hankali ya mayar da lomar da ke hannunsa cikin kwano.



Baba ya ce, "Kai kar rubuta?"

"Baba, ban san..."

"Abin naka na?"

"Nawa ne, Baba. Wato naka ne. Namu ne duka."

Ya jinjina kai. "Ɓarawo dai ban karɓa ba, don ban san da mai shi ba. Ɗiyata ta ce min kyauta ta. Amma ci-ma-zaune, wanga ba ka yi ƙarya ba. Tun damina nike zaune ana aje min akushi, albasata wasu ka dasa ta." Bai yi dariya ba, bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini rimot ya ce, "Ungo, fidda ni. Ba ni son in hana ka kallonka."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na kifa goshi kusa da darduma ina ba da haƙuri, ina rantsuwar da ban san na iya ba. Mutumin Taloka ne ya cece ni, ya ce, "Haba Alhaji, yaro da kada shika faɗa, bai san kai na bisa kadan ba." Wani ya tuntsire, saura suka bi. Baba dai murmushi kawai ya yi da gefen baki, ya ce to in gyara sunan.

Wanda bai taɓa goge rubutu da rimot gaban dattawa ba bai san tsawon rayuwa ba. Daga ƙarshe yake gogewa, harafi ɗaya-ɗaya. "Barawo ci-ma". "Barawo ci". Sai rimot ya ƙi, aka bar "Barawo" tsaye a bango ana jiran a bubbuga batir. Da ƙyar na kai ga rubuta "Baba".

Na samu Luba a bayan gida wajen rudun da ake adana albasa. Na ce, "Mi ya hana ki faɗa mini?"

Ta aje bokitin da ke hannunta. "Randa niz zo dubiya, bango nit tarar Baba shina kallo, mutumin da ba shi yini gida. Nis sa mai. Na yi niyyar faɗa maka, kad dawo kana kiran ɓarawo. In ce maka mi? Ubana na ɓarawon? Ka tuhumi mutumin Rabah, ka tuhumi intanet, ni da muke ɗaki ɗaya ba ka taɓa cewa Luba ko kin san shi ba."

Na buɗe baki in kawo zancen huɗubata, na ga ba ranarta ba ce, na rufe.

A tsaye a wurin na ƙara tsarin ya koma na mutane da yawa. A hanyar komawa Wurno ina jin kafaɗun Malam Bello na girgiza da dariya tun daga Goronyo har ƙofar gidana. Ƙafar Baba ta warke, ya koma fadamarsa, ya daina kallon ma gaba ɗaya. Da aka cire albasa sai ga buhu an sauke mini daga mota, direba ya ce an ce a faɗa mini mai zaman nan ya tashi.

Abin da na koya shi ne, in ka ga baƙo a tsakar gidanka kuma ba a ɓalle ƙofa ba, fara tambayar mai riƙe da makulli kafin ka buɗe baki. Zagin da ba za ka iya karantawa gaban dattawa ba kuwa, kada ka ba na'ura ajiyarsa. Ita ba ta san suruki ba.